Dutsen da Ya Ci Daular Gwaggo Dije

Ranar nan ina ɗaki ina ninke kaya, sai na ji Sadiya a kicin tana gaya wa sabuwar yarinyar da muka ɗauka wai aikinmu ba wuya. "Ki zuba gero ta nan, ki danna nan, khalas, shi ke nan." Ban tanka ba, don ba na son gyara 'yata a gaban baƙuwa. Amma maganar ta tsaya mini a rai. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta muku, ku yarana, yadda na shiga sana'ar niƙa a garin nan na Alƙahira, da matar da ta koya mini, da yadda gidanta ya rufe ina ji ina gani. Rubutuna na ajin yaƙi da jahilci ne, ku karanta da haƙuri.

Maigidana na biyo zuwa Masar, lokacin da ya samu gurbin karatun addini. Ɗan tallafin da ake ba shi ba ya kai mu ƙarshen wata, ga Sadiya a goye, ga cikin ƙaninta. Muka yi shawara: ko in samu abin yi, ko in kwashi yara in koma Malumfashi in bar shi shi kaɗai har ya gama. Ana cikin haka wata maƙwabciya ta ce akwai wata dattijuwa a unguwar Hayyin Ashir da ke neman hannu. Gwaggo Dije ake ce mata, mutuniyar Haɗeja. Ita ma miji ta biyo, ya rasu a nan, ta ƙi komawa. Ta zauna tana yi wa Hausawan garin nan garin tuwo da na kunu.

Ranar farko ko sunana ba ta tambaya ba. Ta kama hannuna ta juya, ta duba tafin, ta ce, "Wannan ya san aiki, amma ya manta." Ta ajiye mini faifai cike da gero ta ce in tsince, ta shige ɗaki. Da na gama ta fito ta ce, "Ina tsakuwata?" Ashe ita ta zuba da hannunta. Na nuna mata abin da na tara a gefe. Ta kwashe a tafinta ta duba, ta ce, "Akwai wata ja-ja, ban gan ta ba." Na sake bin geron nan tun daga fari har na same ta. Sannan ta ce, "To, yanzu ya sunanki?"

Kayan aikinta ba su da yawa. Faifai, rariya, ƙwaryar rege, sai dutsen niƙa, uwa da ɗa. Uwar baƙa ce doguwa, tsakiyarta ta lotsa saboda aiki. Ɗan kuwa daidai riƙon hannu biyu. Akwai kuma makoɗi, wani dunƙulen dutse mai tauri da ake koɗa uwar da shi idan ta yi santsi.

Kada ku ɗauka Gwaggo tun asali ba ta son sabon abu. Yawancin abin da muke yi yau ita ta fara gano hanyarsa. Da turmi ta fara, kamar kowace mace a gida. Sai dai gidanta a hawa na huɗu yake. Ta ce ran da ta fara daka, Bamisiriyar da ke ƙasanta ta hawo da tukunyar miya a hannu tana nuna mata farar ƙasar rufi da ta zubo ciki. Ta gwada ɗora turmin a kan katifa, dakan ya ƙi ci. Ta hau da shi can saman bene, bawwab, wato mai gadin ginin, ya biyo ta yana rantsuwa ginin zai tsage. Daga nan ta aika gida. Wani ɗan kasuwa ya kawo mata dutse ta hanyar Sudan, mota ta ɗauka, jirgin ruwa ya ɗauka, har ya iso. Dutse ba ya bugun ƙasa, ba wanda ya sake hawowa.

To ba turmi, yaya za a yi surfe? Ita ta zauna ta gano. Ta yayyafa wa hatsi ruwa ta bar shi ya ɗan sha, ta murza shi a dutse sama-sama yadda dusa za ta saki ƙwayar ba ta fashe ba, ta shanya, ta bakace. Geron ma ita ta gano inda yake. Mutanen birnin nan ba sa cin gero, tsuntsayensu suke ba, saboda haka a shagon mai abincin tsuntsaye ta same shi. Da mutumin ya ga tana saye buhu-buhu ya kasa haƙuri, ya ce, "Ya Hajja, tsuntsayenki nawa ne haka?" Ta ce masa, "Suna da yawa. Duk fiƙihu suke karantawa."

Niƙan farko da ta sa ni, dawa ce ta tuwon wata mata a unguwar Dokki. Na durƙusa na kama ɗan dutse na hau turawa da ƙarfin dantse. Kafin a jima hannuwana sun mutu. Gwaggo ta ce, "Hauwa, ba dambe aka aiko ki ba." Ta gyara mini zama. Yatsun ƙafa su tokare ƙasa, nauyin jiki ya fito daga ƙugu ya sauka kan dutse, a tura da nauyi a dawo da sauƙi. Hatsi kaɗan-kaɗan ake zubawa. Kunne ma yana aikinsa: da fari za ki ji kamar ana tafiya a kan tsakuwa, can sai ƙarar ta yi laushi, to a nan ake turo gari gaba a ɗebo sabo. Kuma ta ce gari ba ya son zafi. In kika ji dutse ya ɗumama a tafinki, ki tashi ki sha ruwa, ki bar shi ya huta. In kika matsa, tuwon zai fito ba ƙamshi, ba danƙo. Duk garin da ya fito sai ta murza a yatsa, ta ɗebi kaɗan ta tauna da haƙoran gaba, ta rufe ido tana sauraro. Yashi take nema.

Yashin nan daga koɗa yake zuwa. Dutse in ya daɗe yana aiki yakan yi santsi, ya riƙa tura hatsi ba ya cinsa. Sai a ɗauki makoɗi a bi fuskarsa da bugu ƙanana-ƙanana har ta yi kaushi. Bayan koɗa ba a ɗora abincin mutane. Dole a fara niƙa dusa, a zubar, a sake niƙa wata, a zubar, har dusar ta kwashe ɓurɓushin dutse. Don haka Gwaggo ba ta zubar da dusa, buhu guda take tarawa a bayan ƙofa.

Masu sayenmu iri biyu ne. Akwai matan ma'aikatan ofishin jakadanci a Dokki, irin su Madam Rifkatu, wadda 'ya'yanta ba sa cin tuwo sai na garinmu. Sai kuma ɗalibai, su ne ginshiƙin gidan. Duk farkon shekarar karatu sababbi za su sauka, an riga an gaya musu sunan Gwaggo tun daga gida. Yaro ya yi mako yana cin wake da burodi, sai ka gan shi a ƙofa idonsa ya faɗa, yana tambaya ko nan ne ake samun garin kunu. Su suka sa wa gidan suna Daula. In ɗalibi ya ce zai je Daula, kowa ya san inda ya nufa. Babban aikinmu kuwa na azumi ne. Ɗalibai sukan haɗu su yi buɗa-baki tare wata guda cur, kuma garin kununsu duka daga wajenmu yake fitowa. Aikin watan nan shi ke riƙe gidan har shekara ta zagayo. Da shi Gwaggo ke biyan haya, da shi ni ma na samu na zauna a garin nan yarana suka shiga makaranta.

Mu huɗu ne masu niƙa lokacin da Daula take Daula. Gwaggo ta daina durƙuso tun kafin in zo, saboda gwiwa. Tana zaune a kujera da rariya a cinya, mu ne a ƙasa muna karɓa-karɓa.

Wata rana na je sayen tsamiya a shagon wani Basudane a bayan layinmu, na tarar ya sa injin niƙa, ɗan madaidaici, bai fi kujera girma ba. Ina tsaye ya niƙe abin da zai ɗauke ni daga hantsi zuwa azahar. Na dawo na ba Gwaggo labari. Ko ɗago kai ba ta yi ba. Ta ce, "An gwada." Ashe shekarun baya ta taɓa kai dawa wani inji a kasuwa, garin ya dawo da zafi, yana warin ƙarfe da kayan ƙamshin wanda aka niƙa wa kafin ita. Ta zubar wa tattabaru. Tun daga ran nan ta yanke hukunci. Injuna suka yi ta sauyawa, ƙanana suka fito, masu faranti na dutse suka fito, hukuncin Gwaggo yana nan inda ta ajiye shi. Duk wanda ya kawo maganar, amsar ɗaya ce: an gwada. Kuma gaskiya ba abin da ya matsa mata. Ɗalibai suna zuwa, garinta ya fi na kowa, ƙugun da ke ciwo ba nata ba ne.

Abokan aikina suka fara zarewa ɗaya bayan ɗaya. Wata ta samu aikin raino a Dokki, wata mijinta ya gama suka tafi, wata ta ce likita ya hana ta durƙuso. Sababbin matan da ke zuwa kuwa, in suka leƙo suka ga dutse, sai su ce za su yi shawara da maigida. Ba mai dawowa.

Sai ga shekarar annoba, da aka rufe gari. Sababbin ɗalibai ba su zo ba, tsofaffi da yawa suka tafi. Waɗanda suka rage suna kulle a ɗaki, suka sayi ƙananan injunan kicin suka koyi yi da kansu. Da aka buɗe, matafiya suka fara shigowa da gari a leda daga gida, mata suna tallarsa ta waya. Daula ta koma daga ni sai Gwaggo. Abin da ya rage mana mai nauyi shi ne aikin azumi. Ni kuma maigidana bai gama ba, yara sun ƙaru. In aikin nan ya kuɓuce, gidan ya rufe ke nan, tsohuwar shawarar komawa Malumfashi ta dawo.

Ana saura 'yan makonni azumi muka koɗa dutse. Da muka je buhun bayan ƙofa, dusar ba ta taka kara ta karya ba, don aiki ya ragu, dusa ta ragu. Muka wanke dutsen da abin da ya samu. Gwaggo ta tauna garin da ya biyo baya ta ce tamam, ba yashi, sai dai haƙoran da take taunawa da su sun tsufa. Kwana kaɗan sai ga Malam Nura, shugaban ɗaliban, ya yi sallama yana riƙe da kunci.

"Gwaggo, barka da gida. Na zo da ƙara a gaban sarauniya."

"Wa ya taɓa ka, ɗan nan?"

"Tuwonki." Ya buɗe baki ya nuna mata inda haƙori ya ɓalle. "Jiya ina jan baƙi a gaban malami, duk harafin da na furta sai ya fito da fito. Yara suna ta dariya."

"Ma'alish, yi haƙuri. Allah ya sa kaffara ne."

"Amin. Amma Gwaggo, ba haƙorin ne ya kawo ni ba." Ya gyara zama, ya sunkuyar da kai. "Bana mun yi yawa, waɗanda suka makale a gida duk sun dawo, ga sababbi. Ina ganin hannu ɗaya ya rage miki. 'Yan'uwa sun ce a kai aikin wajen Basudanen nan mai inji. Na ce a'a, Gwaggo uwa ce, ba za mu juya mata baya ba. To amma in gari ya yanke a tsakiyar azumi, wallahi ba ni da bakin kare ki."

Gwaggo ta ce, "Tun ba a haife ka ba nake ciyar da masu azumi a garin nan. Tashi ka je ka gyara haƙorinka."

Ana wannan magana Ustaz Abakar yana zaune yana jiran garinsa. Bahaushen Sudan ne, aikinsa zagayawa da baƙi wuraren tarihi. Da Malam Nura ya fita sai ya yi dariya ya ce, "Ai yaron nan ya shiga sahun sarakuna." Na ce kamar yaya? Ya ce gawarwakin sarakunan Masar na dā da aka adana, da masana suka duba bakinsu, sun tarar haƙora sun cinye. Yashi ne a cikin burodi, daga dutsen niƙa da ƙurar sahara. Ya ce, "Irin dutsenku ne sak. Akwai ma 'yar siffar mai niƙa a gidan kayan tarihi, in kin gan ta sai ki ce ke ce."

Na raka shi har matakala na roƙe shi ya kai mu, ni da Gwaggo. Tunanina shi ne, abin da bakina ya kasa gaya mata, wataƙila idonta ya gaya mata.

Da ƙyar ta yarda, ta ce ita shekarunta duka a garin nan ba ta taɓa zuwa kallon gumaka ba. Muka hau mikrobas, ƙaramar bas ɗin haya, muka je. Ustaz Abakar ya wuce da mu manyan siffofi masu tsayin bene, bai tsaya ba sai gaban wani akwatin gilas. A ciki ga wata 'yar mace ta farin dutse, ba ta fi tsawon hannu ba. Ta durƙusa, yatsun ƙafarta sun tokare ƙasa, hannu biyu a kan ɗan dutse, ƙugu ya ɗago.

Gwaggo ta matsa har goshinta ya kusa taɓa gilas. Ta ce, "Ikon Allah! Wa ya koya wa yarinyar nan? Hauwa, dubi ƙugunta. Kin ga abin da nake gaya miki?" Ta juya wajen Ustaz. "Shekararta nawa a nan?"

"A duniya dai ta haura dubu huɗu, ya Hajja."

"To alhamdu lillahi! Abin da ya yi shekara dubu huɗu, shi za a ce in bari saboda haƙorin Nura?"

Ustaz ya yi murmushi, ya ce ta bari ya ƙarasa. Ya ce mutanen nan a farkon zamaninsu ba wanda ya kai su dabara. Sun ɗaga duwatsun da har yau ake mamaki, sun auna ruwan kogi, sun yi takarda da ciyawa. Amma da abubuwa suka zauna musu, da yawa suka bar su yadda suka gada. Dutsen niƙan nan, iyakar abin da suka ƙara masa bayan ƙarnuka shi ne suka ɗora shi a kan dakali don mai niƙa ta daina durƙuso. Dutsen da ake juyawa, mai saurin nan, sai zamanin da baƙi ke mulkin ƙasar ya bazu. Ya ja mu gaba ya nuna mana gatura da wuƙaƙe da suka yi kore. Ya ce tagulla ce. Maƙwabta suka koma ƙarfe, su suka daɗe a kan tagulla, da ita kakanninsu suka ci yaƙi.

Na ce, "Me ya hana su?"

Ya ce, "Masana sun yi saɓani. Wasu sun ce ƙasar ba ta da itacen narka ƙarfe. Kuma ba wannan kaɗai ya kayar da su ba, akwai rigimar sarauta, akwai shekarun da ruwa ya gaza. Ni dai a ganina kogi ne ya shagwaɓa su. Duk shekara ya cika, ya shayar da gona, ya bar mata taki, ya koma. Suka saba abinci yana zuwa a kan lokaci. Ran da rundunar masu ƙarfe ta iso daga gabas, lokacin koyo ya wuce."

Muka dawo ta gaban 'yar mai niƙan. Na tambayi sunanta, Ustaz ya ce wannan dai ba a rubuta ba. Na ce a hankali, "Gwaggo, riƙonta daidai ne. Amma ina mutanenta?" A mikrobas Gwaggo tana ta kallon kogi lokacin da muke bin gefensa. Na ce a raina magana ta shiga.

Muna isa ƙofar gini ta ƙwala wa bawwab kira. Ta ce ya samo mata bulo da siminti. Washegari aka gina dakali a kicin, aka ɗora dutse a kai. Ta ce, "Ga shi nan, na ji wa'azin Ustaz. Daga yau kin daina durƙuso." Da Ustaz Abakar ya zo ya gani, ya riƙe baki ya ce, "Ma sha Allah, ya Hajja. A kwana ɗaya kin tsallake shekara dubu. Saura dubu uku."

Ba zan ɓoye ba, dakalin ya taimaka. Gwiwata ta huta. Amma hannu biyu hannu biyu ne. Azumi ya kama, ina fara niƙa bayan asuba, ban sauka sai la'asar, bakina a bushe. Gwaggo na tankaɗe. Kwanakin farko muka cika alkawari. Daga nan gari ya fara gazawa, yau saura kaɗan, gobe saura da yawa. Wata ranar Gwaggo da kanta ta ajiye rariya ta kama ɗan dutse. Riƙonta yana nan, ƙarfin ne babu. Kafin goman tsakiya ta ƙare, Malam Nura ya zo. Bai zauna ba. Ya ce, "Gwaggo, jiya rabin mutane da ruwa suka buɗe baki. Ki yafe mini." Ta ce, "Ba komai, ɗan nan. Allah ya karɓi ibada." Ya sauka, muna jin takunsa har ƙasa. Ta leƙa ta taga ta ga ya karya kwana ya nufi bayan layi.

Bayan Sallah ta sanar da mai gidan hayarta za ta tashi. 'Ya'yan ƙaninta a Haɗeja sun daɗe suna kiranta. Ni kuma na fara ɗaure kayan yara.

Madam Rifkatu ce ta tsayar da ni. Na je yi mata sallama, ta ce, "Maman Sadiya, in kin tafi wa zai yi mana gari?" Ta ce wasu maƙwabtanta an yi musu sauyin wurin aiki, suna rabuwa da kayan gida, a ciki akwai injin niƙa mai kyau. Ta sa direba ya kawo mini har Hadayek el-Maadi inda muke zaune, ta ce in biya da gari sannu a hankali.

To a nan ne nake so Sadiya ta buɗe kunne. Na zuba, na danna. Garin da ya fito ko tattabara sai ta yi tunani kafin ta ci. Ga zafi, ga wari, tuwon ya fito kamar an dama toka. Na sake, haka. Na yi kwanaki ina ɓarnar hatsi. Har na fara cewa ashe gaskiyar Gwaggo ne.

Ana jibi Gwaggo za ta tashi sai ga ta a tasi, bawwab ɗinta da direba suna nishi da dutse a tsakaninsu. Ta ce jirgi ba zai ɗauka ba, kuma ba za ta bar wa mai gida ya tokare ƙofa da shi ba. Aka ajiye a baranda. Ta shigo kicin ta ga injin. Na yi tsammanin za ta juya baya. Sai ta ce, "Tayar da shi in ji."

Na tayar. Ta tsaya ta karkata kai, ta rufe ido, yadda take yi in tana neman yashi. Ta tara hannu a bakin da gari ke fitowa. Ta ce, "Kashe! Kina ƙona shi. Wa ya ce ki cika masa ciki haka? Kaɗan-kaɗan." Ta dafa jikin injin. "Kin ji ya ɗumama? Me na ce miki ran farko?" Na ce a bar shi ya huta. Ta ce, "To shi ɗan wa ne da ba zai huta ba?" Ta tambayi abin da wani maɗauri na gefe yake yi, na ce shi ke matse faranti. Ta sa na sassauta, muka ɓarza da fari, muka bakace, muka bari ya huce, sannan muka matse muka sake bi. Ta ce kafin a canza daga dawa zuwa gero a bi shi da dusa a zubar. Kafin la'asar ta murza gari a yatsa, ta tauna. Can ta ce, "Ɗora tukunya."

Muka ci tuwon nan ni da ita a ƙasa. Na kasa haƙuri na ce, "Gwaggo, ashe wuni ɗaya ya ishe ki."

Ta suɗe yatsa, ta dubi injin. Ta ce, "Ɗaliban nan ne suka cuce ni, Hauwa. Da sun taɓa fasa zuwa ko shekara ɗaya tun ina da ƙarfi, da na tashi na nemo. Ba su taɓa fasawa ba sai da ƙarfin ya ƙare."

Azumin da ya biyo baya Malam Nura ya dawo da aikin wajena, da sabon haƙori a bakinsa. Gwaggo ta rasu a Haɗeja bayan 'yan shekaru, Allah ya jiƙanta da rahama. Maigidana ya gama karatu, ya samu aikin fassara, muka zauna.

Yanzu ga abin da nake so da ku. Ɗalibai sun dawo suna zuwa mana duk shekara a kan lokaci, kuma ni ce a kujera da rariya, ku ne a tsaye. Watan jiya Sadiya ta kawo maganar wata na'urar busar da hatsi, don ku daina hawa saman bene kuna faɗa da tattabaru. Na ji abin da ya taso mini a baki, na haɗiye shi. Duk ran da kuka ji na ce an gwada, kada ku ji kunyata, ku tambaye ni yaushe. Na'urar kuma a je a gano ta ranar Asabar.

Ke kuma Sadiya, gobe bayan kin karya ki same ni a baranda, ke da sabuwar yarinyar. Na wanke dutsen, na jiƙa dawa. Ba abin dannawa a jikinsa. Ba za ku tashi ba sai kun ji da kunnenku inda ƙarar take yin laushi.